"Ciwon ya kama hanta, ku koma gida": wane hoto aka duba kafin a faɗi haka?

Akwai wata magana da gidaje da yawa a jihar Maraɗi suka taɓa ji a bakin ƙofar likita: "Ciwon ya kama hanta, ku koma gida ku yi haƙuri." Mutum ya taso daga Cadawa, ko Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, an sayar da buhun aya ko tunkiya an haɗa masa kuɗin mota, an shafa masa man eko a ciki, an ga dunƙule-dunƙule a hanta. Daga nan sai a naɗe tabarma. Ƴan uwa su fara kiran na nesa a waya, wai a zo a gana.

Ba na cewa likitoci ƙarya suke yi. Sau da yawa abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma da ciwon zuciya suke faɗarsa. Abin da nake cewa shi ne, ba kowane ƙari da aka gani a hanta ne ciwon dajin hanta ba. Wani a can aka haife shi, wani baƙo ne da ya taso daga wata gaɓar ya sauka a hanta. A cikin baƙin nan akwai wanda mutum kan yi shekaru yana rayuwa da shi, yana noma, yana aurar da ƴaƴansa, in dai an gane shi. Ganewar kuwa tana farawa ne daga hoto. Shi ya sa nake so yau mu yi maganar wani ciwo da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, don shi ne ya fi nuna mana inda rufin ɗakinmu ke yoyo.

A bayan tumbi, can ciki kusa da ƙashin baya, akwai wata gaɓa da likitoci ke kira pankiriyas. Aikinta biyu ne. Tana zuba ruwan da ke narkar da abinci cikin hanji, sannan tana da wasu ƙananan tsibirai na ƙwayoyin halitta da ke sakin sinadarai cikin jini, irin su insulin mai daidaita sukari. Wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, shi ya fara bayyana tsibiran nan a 1869. Ciwon dajin pankiriyas da aka fi sani yana tasowa ne daga magudanan ruwan narkar da abinci, kuma mugu ne, in ya bazu sau da yawa watanni yake ba mutum. Amma akwai na biyu, wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke sakin sinadaran. Shi ake kira ƙarin niyuro-endokirin. Bai kai kashi 10 cikin 100 na ciwon dajin pankiriyas ba, kuma yawancinsa a hankali yake tafiya.

Kun san wasu da ya kama, ko da ba ku san sunan ciwon ba. Steve Jobs, mai kamfanin Apple, a 2003 aka gano nasa, kuma ba shi aka je nema ba, sikanar aka yi masa don wani dalili sai aka ci karo da shi. Ya yi kusan wata tara yana gwada hanyoyin abinci da makamantansu kafin ya yarda a yi masa aiki a 2004. An yi masa dashen hanta a 2009, ya rasu 5 ga Oktoba 2011. Shekara takwas ke nan. Mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin da irin wannan ciwo ta rasu a Agusta 2018. Masu kallon fim ɗin Indiya kuma sun tuna Irrfan Khan, wanda ya sanar a 2018 cewa yana da ƙarin niyuro-endokirin, ya rasu a Afrilu 2020. Waɗannan masu kuɗi ne, a ƙasashen da na'ura ba ta da wuya. To tambayar ita ce, manomin Cadawa fa?

Ciwon yana da wayo wajen ɓuya. Wani nau'insa yana zubo insulin fiye da kima, sai sukari ya faɗi ƙasa: mutum ya jiƙe da zufa, jiki na rawa, ya riƙa sambatu ko ya sume, musamman da asuba ko in ya jima bai ci ba, da an ba shi ruwan sukari sai ya dawo hayyacinsa. A ƙauyukanmu me za a kira wannan? Iska, ko farfaɗiya. Wani nau'in yana sa tumbi ya riƙa fitar da ruwan tsami ba ƙaƙƙautawa, sai gyambon ciki da zawo su ƙi jin magani. Likitoci biyu na Amurka, Zollinger da Ellison, suka bayyana shi a 1955. Mu nan sai a ce olsa ce, a yi ta sayen ƙwaya a bakin tasha shekara da shekaru. Mafi yawa kuwa ba sa fitar da wata alama ko kaɗan, shiru suke girma. Jinin da ke fitowa daga pankiriyas da hanji kai tsaye hanta yake nufa ta wata babbar jijiya, don haka in ƙarin ya tashi yaɗuwa, hanta ce zangonsa na farko, sai kaluluwar ciki, wani lokaci ƙashi. Mutane da yawa a duniya sai ya isa hanta ake gane suna da shi.

Nan ne matsalarmu take. A ƙasarmu cutar hanta nau'in B ta yi yawa, kuma mu mutanen gyaɗa ne, gyaɗar da in ta yi fumfuna a rumbu take haifar da gubar aflatoksin. Waɗannan biyun su ne manyan masu kawo ciwon dajin da ke tasowa daga hanta kanta, kuma likitocinmu sun gan shi har sun gaji. Idan ido ya saba da abu ɗaya, duk dunƙulen da ya gani a eko sunan nan zai ba shi. Ba laifin ido ba ne. Eko fitila ce mai kyau, ba ta da tsada, ba ta cutarwa, amma iyakarta ta ce maka "ga wani abu nan". Ba kasafai take iya cewa ga asalinsa ba, kuma pankiriyas kanta sau da yawa iskar hanji kan rufe ta, mai eko bai gan ta sosai ba.

Mataki na gaba shi ne sikanar, amma ba kowace sikanar ba. Ƙarin niyuro-endokirin yana da jijiyoyin jini masu yawa, yana shan jini kamar ƙasar jigawa da ruwan farko. Don haka ana yi wa mutum allurar wani ruwa mai haska jijiyoyi, sannan a ɗauki hoto a lokuta daban-daban: sau ɗaya bayan kamar sakan 35 zuwa 40, lokacin da ruwan ke cike da jijiyoyin da ke fitowa daga zuciya, sannan a sake bayan kamar sakan 70, lokacin da hanta gaba ɗaya ta sha. A ɗaukar farko ne ƙarin kan haska kamar tauraro. In an yi sikanar ba allura saboda ruwan ya ƙare a farmasi, ko aka ɗauka sau ɗaya kawai a makare, ana iya wuce shi ba a gani ba, ko a ga biyu alhali goma ne. Ka biya kuɗi, ka sha hasken na'ura, ka fito da takarda, amma ba a amsa tambayarka ba. Bambancin rabin minti ne, jama'a. Rabin minti da horon ma'aikaci.

Sai IRM, na'urar maganaɗisu. Ita ta fi sikanar ganin ƙananan ɗigo-ɗigon da ke cikin hanta, kuma lissafin nan yana da amfani, don likitan fiɗa ba zai yanke shawarar buɗe ciki ba sai ya san guda nawa ne, kuma a wane ɓangare suke. In a gefe ɗaya suke, ana iya yanke wannan gefen, hanta gaɓa ce mai tofowa. In sun watsu ko'ina, wata hanyar za a bi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni mamaki, ya kuma fi ba ni haushi. Yawancin waɗannan ƙari suna da wasu ƴan ƙofofi a jikinsu da ke karɓar wani sinadari mai suna somatostatin. Masana suka ƙera makullin da ya dace da ƙofar, suka rataya masa ɗan ƙaramin haske na nukiliya. A yi wa mutum allura, makullin ya zaga jiki, duk inda ƙarin ya ɓuya, hanta ne, ƙashi ne, kaluluwa ce, ya manne a can yana haske, kyamara ta ɗauka. Wanda ya fi kaifi a yau shi ne na'urar PET da sinadarin galiyom-68. Ƙarfinsa kan ragu da rabi duk minti 68, don haka ba abin da za a ɗoro a mota daga wata ƙasa ba ne, a wurin ake tatsarsa. Akwai kuma tsohuwar hanya mai sauƙi, da tekinesiyom-99m, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin awa 6, kuma kyamarar gama ta yau da kullum tana ɗaukarsa. Hoton nan ba kallo kawai ba ne. In ƙarin ya haska, alama ce zai iya jin allurar wata-wata irin su oktiriyotid da lanriyotid, masu rage masa gudu da kwantar da zawo. Kuma makullin nan dai, in aka rataya masa lutesiyom-177 maimakon hasken hoto, ya zama magani mai bin ƙarin har ɗakinsa ya ƙona shi. Turai ta amince da wannan magani a 2017, Amurka a 2018.

Yanzu ku tsaya ku ji. Tekinesiyom ɗin nan daga wani sinadari ake samunsa, molibdenom-99, shi kuma ana samar da shi ne ta hanyar fasa yuraniyom a wasu ƴan tsirarun tukwanen nukiliya na bincike, irin na Petten a Holan, da Mol a Beljiyam, da Pelindaba a Afirka ta Kudu. Yuraniyom. Ƙarfen da ake haƙa a Arlit tun 1971. Sama da shekara hamsin muna cikin masu ba duniya wannan ƙarfe, ya kunna fitilun wasu biranen, amma ɗan ƙasar da aka haƙo shi, in yana bukatar ɗigon haskensa don a ga ciwon da ke cikinsa, sai ya yi tafiyar da ta fi ƙarfin aljihunsa. In ana maganar ikon ƙasa a kan arzikinta, ni a nan nake so in gan shi, a ɗakin hoto na asibiti.

Kada a ce ba a yi komai ba, an yi. A Yamai akwai Cibiyar Radiyo-Izotop ta Jami'ar Abdou Moumouni, mai sashen likitancin nukiliya. Akwai Babban Asibitin Referans na Yamai da aka buɗe a 2016. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ta samu sashen gashin ciwon daji na farko a tarihin Nijar, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kuma da hukumar ta ƙaddamar da shirinta na taimaka wa ƙasashe kan ciwon daji a Addis Ababa a Fabrairu 2022, Nijar na cikin ƙasashen farko. Maraɗi ta samu nata asibitin referans, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana horar da likitoci a gida. Daga Satumba 2024 an rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Duk wannan ci gaba ne, wanda ya musanta bai yi adalci ba.

Amma ku auna hanyar da idon mai jinya. Daga ƙauye zuwa CSI, daga CSI zuwa asibitin gunduma a Agye ko Gidan Rumji, daga nan Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600. Kowane zango da kuɗin motarsa, da mai rakiya, da abinci, da gonar da aka bari ba nome. An rage kuɗin hoto da rabi, madalla, amma ba a rage nisan Yamai ba. Wasu kan tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya su nufi Katsina ko Kano, don ta fi kusa. Mun kuma ga abin da ya faru bayan Yuli 2023, da aka rufe iyaka watanni: wanda lafiyarsa ta rataya a kan asibitin wata ƙasa, ranar da aka rufe ƙofa shi aka rufe wa.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. "Malam, yara na mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kai kana maganar ciwon da Steve Jobs ya yi?" Tambaya ce mai nauyi, ba zan kauce mata ba. In da kuɗin ɗaya ne tak, a ce ko gidan sauro ko PET, wallahi gidan sauro zan zaɓa, ba gardama. Kuma ba wanda ya ce a kafa PET a Cadawa. Amma ku duba abin da wannan ciwo ke bukata: mai eko da ya ƙware, sikanar mai aiki da ruwan allurarta, wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar hoto, likitan da zai karanta, da ɗakin binciken tsoka. Waɗannan su ne dai abin da ɗan kabu-kabun da ya faɗi a kan babbar hanya ya fasa kai ke bukata. Su ne abin da tsohuwar da ta samu shanyewar ɓarin jiki ke bukata, don a san jini ne ya zuba ko jijiya ce ta toshe, tunda maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Su ne abin da mai ciwon nono ke bukata kafin a yi mata aiki. Ciwon da ba kasafai ake gani ba ma'auni ne kawai: tsarin da ya iya kama shi, ya iya kama sauran. Kuma kalmar "ba kasafai ba" ita kanta abin dubawa ce. Rajistar ciwon daji ta Nijar tun 1992 take, a Yamai, amma rajista abin da aka gano take rubutawa. Wanda aka sallama daga eko ya koma ƙauye ya rasu, ba ya cikin littafin kowa.

To me muke nema? Abubuwa ne da za a iya yi, ba mafarki ba.

Na farko, ƙa'ida a rubuce ga asibitocin gunduma: duk wanda eko ta nuna masa ƙari a hanta, kada a sallame shi da baki kawai. A yi masa gwajin cutar hanta B da C, a yi gwajin jinin da ke nuna alamar dajin hanta, a duba ko hantar ta riga ta ƙeƙashe. In hanta lafiyayya ce amma ga dunƙule da yawa, to a nemi inda suka fito, a tura shi sikanar da takardar da ta faɗi abin da ake zargi, don mai na'ura ya san irin ɗaukar da zai yi.

Na biyu, a daina sayen na'ura ba kwangilar gyara. Bikin yanke kyalle kwana ɗaya ne, na'ura kuwa shekara goma ake so ta yi. Kuɗin gyara, da kayan canji, da ruwan allura, da wutar rana ko janareto, da injiniyan da ke zaune a Maraɗi ba wanda za a jira daga waje ba, duk su shiga kasafi tun ranar saye. Kuma hukumar lafiya ta jiha ta riƙa sanarwa a fili, a rediyo da Facebook, wace na'ura ke aiki wannan mako, wace ce ta tsaya. Mutum ya sani kafin ya sayar da akuyarsa.

Na uku, hoto ya yi tafiya maimakon majinyaci. Likitocin karanta hoto kaɗan ne, yawancinsu a babban birni. Hoton sikanar fayil ne na kwamfuta, ana iya aika shi ta intanet daga Maraɗi a karanta a Yamai a dawo da amsa. Muna aika bidiyon biki ta WhatsApp har Makka, hoton hanta ne zai gagare mu? Kuma a ba kowane majinyaci hotunansa a faifai ko a kile, ba takardar sakamako kaɗai ba. A ciwon da ke tafiya a hankali, kwatanta hoton bana da na bara shi ne ke nuna ko magani na aiki.

Na huɗu, binciken tsoka. Hoto zargi yake yi, tsoka ce ke yanke hukunci, don dajin hanta ma yakan haska a ɗaukar farko. Ana tsakuro ɗan ƙanƙanin nama da allura, a duba a madubin likita, a ƙirga kashi nawa na ƙwayoyin ke rabuwa, abin da ake kira Ki-67. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da kashi 3 mataki na ɗaya ne, mai tafiyar hawainiya; 3 zuwa 20 mataki na biyu; sama da 20 mataki na uku, mai gudu. Wannan lamba ita ke raba wanda za a yi wa allurar wata-wata da wanda ke bukatar magani mai ƙarfi nan take. Jiha mai jami'ar likitanci ta cancanci a yi mata wannan gwaji a gida, cikin kwanaki, ba watanni ba.

Na biyar, a ƙarfafa sashen nukiliya na Yamai yadda hoton somatostatin zai samu a kai a kai, kuma gwamnati ta fito da jadawali na gaskiya kan PET: yaushe, a ina, su wa ake horarwa. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi kiwon lafiya. Ba mu muka sa su ba, su suka faɗa. Tunatarwa ba rashin kunya ba ce.

Mu kuma matasan birni, akwai namu. Mu ne ake kira in an kawo baba ko inna daga ƙauye, mu ne masu karatu, mu ne masu waya. In likita ya ce akwai ƙari a hanta, ka tambaya cikin ladabi: "Likita, daga hantar ya taso ko daga wani wuri ya zo? An yi sikanar da allura? Za a ɗauki tsoka?" Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya irin wannan. Ka adana kowace takarda da kowane hoto a leda ɗaya, ka ɗauke su a waya. Kada ka tura wa dangi bidiyon mai maganin da ya ce yana narkar da daji cikin kwana bakwai. Mai Apple da duk dukiyarsa ya gwada jinkiri, wata tara ya tafi a banza. Ka je a gwada ka cutar hanta B, in ba ka da ita ka yi rigakafi, ka tabbata an yi wa jariran gidanku. In kuma amsar ta zo da gaske cewa ba abin da za a iya yi, to haƙƙin majinyaci ne a ba shi maganin rage zafi, kada a bar shi da haƙuri kaɗai.

Haƙuri abu ne mai daraja a wurinmu, ba mai raina shi. Amma a yi wa mutum abin da ilimi ya iya tukuna, sannan a ce ya yi haƙuri. In kana da ɗan uwa a kwamitin kula da CSI na garinku, tura masa wannan rubutu, ka tambaye shi abu ɗaya: mutumin Cadawa da eko ta nuna masa ƙari a hanta yau, ina za a tura shi gobe, nawa zai biya, kuma kwana nawa zai jira? Duk amsar da ya ba ka, kawo ta nan ƙasa mu karanta tare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.